Yadda Karatu Ya Biyo Fatake Zuwa Kurmi



In ana maganar zuwan Hausawa kudu, goro da shanu kawai ake ambata. Ba a cika tuna cewa a cikin kayan fatake har da alƙalami da tawada ba. A ganina, ba don rubutu ba da wannan ciniki bai ɗore ba, shi ya sa nake so mu ɗan waiwayi tarihin karatu a tsakaninmu.

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sannan aka kafa unguwarmu ta Sabo a 1916. Ku duba yadda cinikin yake tafiya a lokacin. Mai shanu ya kawo garkensa daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillali ya sayar wa mahauta bashi. Mai goro kuma ya ɗaure huhu ya aika Kano, kuɗinsa sai bayan an sayar. Tsakanin garuruwan nan biyu fiye da kilomita 800 ne, ga shi ba wayar hannu. To me ya riƙe amanar? Sanin juna, da kuma takarda. Da ajami ake rubuta wa abokin ciniki huhu nawa aka tura, wa ya biya, wa ake bi. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan tsari na Sabo.

Al'adar ma ta girmi jirgin ƙasa. Tun ana bin hanyar Gwanja da jakuna, an yi Alhaji Umaru, ɗan falke haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Yana saurayi ya wallafa littafin Larabci mai koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Amma bai tsaya a abin da kasuwa ke buƙata ba, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci, ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa. Ɗan falke ne kamar mu, a baƙunci ya rayu kamar mu, kuma har yau ana nazarin rubutunsa a jami'o'i.

Karatun nishaɗi da boko daga baya ya zo. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939. Dattawan unguwarmu sun ce in jaridar ta iso, mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a ƙofar gida, sauran suna saurare, kwafi ɗaya ya zaga har ya yage. Daga shekarun 1980 kuma littattafan Kasuwar Kano suka shigo, na irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Matafiya ke zuwa da su tsaraba, kuma na san matan aure da dama da son sanin ƙarshen labari ne ya sa suka ƙware da karatu.

Ni a makaranta Turanci da Yarbanci aka koya mana. Karatun Hausa a rumfar goron mahaifina na iya shi, da wani tsohon Magana Jari Ce marar bango. Ranar da babu ciniki sai in jingina da huhu in yi ta dariyar dabarun aku, har Baba ya ce in karanto kowa ya ji. A littafi na fara gamuwa da kalmomi irin su kufai da burtali da gamji, waɗanda yaron da ya tashi a Ibadan zai iya girma bai ji su ba. Shaihu Umar kuwa, inda uwa ta bi sawun ɗanta har ƙetaren Sahara, duk wanda ke da dangi a nesa zai ji shi a jikinsa.

Yanzu fa ina muka kwana? A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire daga naira ɗari. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa. Saƙon murya a WhatsApp ya maye gurbin wasiƙa. Ƙannenmu suna jin Hausa, amma da yawa in ka miƙa musu shafi ɗaya sai su yi ta inda-inda, ajami kuwa sai 'yan kaɗan. Alhali buƙatar karatu ƙaruwa ta yi. Takardar hayar rumfa, rasiɗin haraji, saƙon banki na gaskiya da na bogi, duk wanda bai iya karanta su ba yana hannun wanda zai karanta masa. A garin da kake baƙo, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Shawarata ƙarama ce. Duk wanda zai je gida da Sallah, in ya sayo kilishi da daddawa, ya haɗo da littafin Hausa ko guda ɗaya. Bayan sallar isha'i a tara yara, babba ya karanta shafi biyu, ya miƙa wa ƙarami ya ci gaba. Mai ajami a cikinmu ya koya wa mai boko, mai boko ya koya wa mai ajami. Haka iyayenmu suka yi da jarida guda ɗaya, mu da muke da littattafai har cikin waya ba mu da uzuri.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalam.