Kango a Bango: Hotunan Majami'un da Yaƙi Ya Rusa da Kasuwar Hoto a Iyakar Jibiya

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta hotunan majami'un Turai da aka yi wa ruwan bama-bamai, waɗanda yau ake sayarwa don ƙawata ɗaki, da hotunan majami'un ƙasar Hausa da aka kai wa hari. Ta nuna cewa hoton kango ba ya zama ado sai rigimar da ta haife shi ta mutu, kuma sai an kawar da mutane daga cikinsa.

Gabatarwa

Jibiya ƙofa ce. Ta Magama ake fita a ratsa Ɗan Isa zuwa Maradi, kuma tare da hatsi da atamfa, kalanda da hotunan bango su ma suna bin hanyar. Abin da aka saba gani a shaguna da zauruka shi ne Ka'aba, Masallacin Madina, Shehu Ibrahim Inyass, sai 'yan siyasa da taurarin fim. Ba a rataya kufai. Tambayar ita ce me ya sa.

Yadda kango ya zama kayan sayarwa

A Turai abin ya samo asali ne daga farfagandar yaƙi. Da sojojin Jamus suka harbi babbar majami'ar Reims ranar 19 ga Satumba 1914, Faransa ta cika duniya da katunan gidan waya masu hoton ginin yana ci da wuta. A Yaƙin Duniya na Biyu, majami'ar Coventry ta ƙone ranar 14 ga Nuwamba 1940, majami'ar Frauenkirche ta Dresden kuma ta rufta a Fabrairun 1945.

Hoton da ya fi bayyana lamarin shi ne wanda Herbert Mason ya ɗauka a Landan daren 29 ga Disamba 1940: ƙubbar majami'ar St Paul tsaye cikin hayaƙi. Jaridar Daily Mail ta buga shi bayan kwana biyu, amma sai da ta datse mafi yawan gine-ginen da suka ƙone a gabansa. A Janairun 1941 wata mujallar Berlin ta buga hoton nan a matsayin shaidar cewa Landan ta kama da wuta. Hoto ɗaya, hujja biyu. Wanda ya saye shi yau ya sa a gilashi, ba ruwansa da ko ɗaya. Haske da inuwa yake saye. Ingila da Jamus sun daɗe da sasantawa, an keɓe sabuwar majami'ar Coventry a 1962 kusa da kangon tsohuwar, an kammala sake gina ta Dresden a 2005. Gaba ta ƙare, gawa kuma ba ta cikin hoton tun farko.

Ƙasar Hausa

Mu ma muna da irin waɗannan hotuna. Ranar 17 ga Yuni 2012 an tayar da bama-bamai a majami'ar Christ the King da ke Sabon Garin Zariya da ta ECWA a Wusasa. A Damagaram an ƙone majami'u ranar 16 ga Janairu 2015, a Maradi kuma an ƙone guda a Yunin 2019. Babban Masallacin Kano shi ma ya ga nasa harin ranar 28 ga Nuwamba 2014. Hotunan suna yawo a wayoyi, ba su hau bango ba.

Za a iya cewa ƙyamar hoto ce ta addini. Wannan bayani bai gamsar ba, domin Matthias Krings ya nuna a littafinsa na 2015 yadda hotunan Usama bin Laden suka yi kasuwa a Kano bayan 2001. Ashe ana rataya abin da ya shafi yaƙi. Bambancin shi ne, bango a wurin Bahaushe wajen mubaya'a ne: wanda ka rataya shi kake bi, ko albarkarsa kake nema. Musulmin da ya rataya ƙonanniyar majami'a za a ce murna yake. Kirista Bahaushe kuwa za a ce tsokana yake nema. A garin da fatake na addinai biyu ke kwana a tasha ɗaya, kuma masu harin da waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa duk suna raye, mai shago ba zai ɗauki wannan kasada ba.