Tabkunan da Fari Ya Haifa: Tarihin Tsuntsayen Ƙonni, Malbaza da Illela

Idan ana maganar tarihin ƙasar Ƙonni da Adar, abin da kan fara zuwa a rai shi ne sarauta da yaƙe-yaƙe: hulɗar Ƙonni da Sakkwato, ko kuwa ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899. Amma ƙasa tana da wani tarihi wanda marokan fada ba sa ambata, wato tarihin ruwa da itace da halittun da suka dogara da su. Tsuntsaye na cikin shaidun wannan tarihi, domin ba su da gona, ba su da rumbu. Inda suka ga abinci nan suke sauka, ran da ya ƙare su tashi. Wanda ya bi sawunsu a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela zai tarar da abin mamaki: wuraren da masana suka fi ambata a yau a matsayin matattarar tsuntsaye, shekara sittin da suka wuce ba haka suke ba, wasu ma babu su. Fari ne ya haife su, hannun mutum kuma ya raine su.

Mahaɗar hanyoyi biyu

Tun kafin a kawo ma'aunin ruwan sama, manomin wannan yanki yana da mai yi masa albishir. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu shamuwa kan iso, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko gawon da ke tsakiyar gari, kowa ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, kuma wannan hani ya fi kowace dokar gwamnati tsufa. Ita ma ba zaman banza take yi ba, don fara ce babban abincinta. Da kaka ta yi sai ta nufi kudu, ta tsallake tsakiyar duniya. Masu binciken da suka ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar na'ura a shekarun 2000 sun bi su har ƙasar Tanzaniya.

Tana tafiya wasu baƙi na isowa daga arewa. Masana sun ƙiyasta ƙananan tsuntsaye wajen biliyan 2 ne ke baro Turai kowace kaka su ƙetare Sahara, ban da agwagin daji da masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a bakin ruwa. Bayan kwanaki suna keta hamada, korayen wurare na farko da suke tararwa su ne irin namu. A nan suke haɗuwa da ƴan gida: balbela, kirinjijiya, dinya, zalɓe da gauraka. Ashe ke nan ƙasarmu mahaɗar hanyoyi biyu ce, ɗaya ta damina daga kudu, ɗaya ta rani daga arewa, kuma duk abin da ya sami ruwanmu da itacenmu ana jin labarinsa a nahiyoyi biyu.

Shekarun fari

Hujjar wannan magana ta bayyana a 1969. A bazarar wannan shekara masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda Faransawa ke kira fauvette grisette, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Nauyinsa bai wuce giram 15 ba, kuma a yankin Sahel yake cin rani. An daɗe ana neman dalili a gonakin Ingila ba a samu ba, sai a 1974 wasu masana uku suka nuna cewa ƙarancin ruwan daminar 1968 a kudancin Sahara ne ya kashe su. Wato tun kafin duniya ta ji labarin yunwar 1973, tsuntsun ya riga ya kai saƙon, sai dai ba a fahimce shi ba.

Abin da ya biyo baya dattawanmu sun san shi fiye da kowane littafi. Fari ya ci gaba har 1974, ya lafa, ya dawo da ƙarfi a 1984, shekarar da mutane suka laƙaba wa yunwarta sunan El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, abin da garin kan iyaka irin Ƙonni ya ji a jikinsa. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe a tsaye, waɗanda suka rage aka sare su aka sayar don a sayi hatsi. Tudun Adar ya koma faƙo, ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga.

Yadda faƙo ya cika kwari

A nan ne tarihin ya yi wata juyawa da ba a zata ba. Ƙasar da ta rasa ciyawa da itace ba ta shan ruwa. Duk ɗan abin da ya sauka sai ya gangara kwari. Saboda haka a daidai shekarun da ruwan sama ya ragu, ruwan da ke taruwa a wasu kwaruruka ƙaruwa ya yi. Masana ilimin ruwa sun ga haka a wurare da dama na Sahel, kuma misalinsa a wajenmu shi ne Ɗan Dutsi, kimanin kilomita 80 arewa maso yammacin Ƙonni. Kafin daminar 1974 ɗan tabki ne mai ƙafewa, gonakin gero da dawa kewaye da shi. A wannan damina ruwa ya cika kwarin ya zauna, har ya zama tabkin da kan kai hekta 1,800 idan ya cika. Masu gonakin da ruwa ya cinye suka yi hasara, amma aka zuba kifi, masunta suka zo, aka fara noman rani a inda ruwa ya janye, tsuntsaye kuma suka sami masauki.

Sauran wuraren kuwa gwamnati ce ta gina su, don kada a sake dogara da damina kaɗai. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka datse Majiya a Mozage da Zango, aka ja ruwa ta hanyar kanal zuwa matarar Cerasa kusa da Ƙonni, don shayar da fili mai faɗin hekta 2,400 da ɗoriya ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. A Galmi ma, cikin gundumar Malbaza ta yanzu, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma, an yi madatsa. Ba wanda ya sa tsuntsu a lissafinsa sa'ad da ake wannan aiki. Duk da haka, ƙidayar tsuntsayen ruwa da aka riƙa yi a Nijar kowane Janairu da Fabrairu tun daga 1992 ta nuna dubban balbelu na kwana a bagaruwar Cerasa, baƙin Turai kuma na kiwo a laka mai faɗi ta Mozage. Da ƙungiyar BirdLife ta fitar da jerin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Afirka a 2001, cikin wurare 15 na Nijar uku a nan suke: Ɗan Dutsi, Cerasa da Mozage. A 2005 kuma aka sa Ɗan Dutsi da Tabalak cikin jerin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971 don kare dausayi, Nijar ta shige ta a 1987.

Sai dai ruwan da aka tare a sama, wani ne ya rasa shi a ƙasa. Majiya na ƙarewa ne a tabkin Kalmalo, kusa da ɗaya Illelar ta jihar Sakkwato, kuma wannan tabki ya sha ƙafewa tun da fari da madatsu suka haɗu a kansa. Tsuntsu bai san iyaka ba, kogi ma haka.

Ba kowane itace ne gida ba

Tabki rabin labarin ne, domin yawancin baƙin da ke zuwa daga Turai a kan itace suke cin abinci. A nan ma mutane ne suka sake gina abin da fari ya rushe. Tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a Maradi. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ya tallafa ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo a zuba taki; da suka dawo suka gwada, tassa ta bazu daga gona zuwa gona a wajen Badagishiri, har faƙon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Cikin takin akwai ƴaƴan itatuwa da dabbobi suka ci, sai ga su suna tsirowa tare da gero. A lokaci guda sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, ya taso daga Maradi ya game kudancin ƙasar, har aka ƙiyasta ya shafi hekta miliyan 5.

To amma binciken da masanin ƙasar Holand Leo Zwarts da abokansa suka yi, suna ƙidaya tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, ya nuna wani abu da ya kamata kowane mai dashe ya sani. Baƙin tsuntsaye na taruwa ne a kan itatuwa masu ƙaya irin gawo da aduwa da danginsu, domin su ne ke ɗauke da tsutsotsi da ƙwari. Dogon yaro da turare kuwa, duk da inuwarsu, kusan fayau suke. Gawo ya fi kowa, saboda halinsa na zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, daidai lokacin da baƙin ke nan. Itacen da manomi ke bari don ya ƙara wa gonarsa ƙarfi, makiyayi kuma ke so don ƴaƴansa, shi ne dai wanda tsuntsu ke nema. Ya dace a tuna da wannan kowace ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace.

Waɗanda ba su dawo ba

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya tsira. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay ya bi hanyoyin Burkina Faso, Mali da Nijar yana ƙidaya tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin su a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandayen da ake tsaro, jimina da tuje kuma sun yi wuyar gani. A yau jiminar Nijar sai a wuraren kiwo irin na Kelle. Ungulun mahauta ma, wadda a da ba a rasa ta a kowace kasuwa, tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don magani ne suka fi cin ta. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza, amma yaro nawa ne a Malbaza a yau ya taɓa ganin jewar tata? Karin magana kan mutu idan abin da ya haife ta ya ɓace. Waɗannan tsuntsaye ba fari ne ya gama da su ba, don ruwa ya dawo su ba su dawo ba.

Abin da ke gabanmu

Tun shekarun 1990 damina ta ɗan farfaɗo, amma da sabon hali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, ambaliyar 2020 da ta 2024 kuma sun tabbatar wa kowa. Irin wannan ruwa kan kwaso yashin tudu ya juye a kwari. Hanyar da ta cika Ɗan Dutsi da ruwa ita ce ke cika shi da ƙasa, madatsun Majiya ma sun daɗe suna rasa zurfi. Ga lambuna na matsowa har bakin ruwa, ga maganin ƙwari na gangarawa ciki, ga gatari na bin bagaruwar da balbela ke kwana.

Darasin wannan tarihi a fili yake. A yankin da kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi, ba za a kare tsuntsu da waya da mai gadi ba. Dokar farauta ta 1998 da sunan Ramsar suna da amfaninsu, amma makomar tabki tana hannun mai tassa a kan tudu, da masunci, da mai lambu, da makiyayi, da kwamitin filaye da ke sasanta su. Duk ramin tassa da ya riƙe ruwa a sama, yashi ne aka hana wa tabki a ƙasa.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu na da nasu rabo, kuma ba ya bukatar kuɗi. Kowace makaranta na iya ajiye littafi guda ta rubuta ranar da shamuwar farko ta sauka a garin, da yawan sheƙunanta, da irin itacen da ta zaɓa. Ana iya aika ɗalibai wurin tsofaffin maharba su tattaro sunayen tsuntsaye da inda ake ganinsu a da, tun masu sanin suna raye. Mutanen Ingila sun gane abin da ya faru a 1969 ne kawai don akwai masu sa kai da suka riƙa rubuta abin da suka gani shekara da shekaru. Idan makarantun Ƙonni, Malbaza da Illela suka fara bana, nan da shekara ashirin za mu mallaki tarihin sauyin yanayinmu, rubutacce da hannun ƴaƴanmu, cikin harshenmu. Allah ya ba mu damina mai albarka.