VPN na aiki daga nesa: na kamfani da buɗaɗɗe

Yawancin masu salula sun san VPN a matsayin manhajar buɗe shafin da aka toshe. A ma'aikatu aikinsa daban ne: yana ba ma'aikaci damar shiga kwamfutocin wurin aikinsa alhali yana nesa. Ma'ajin kuɗi da ke Tawa zai iya buɗe takardun da ke ajiye a babbar cibiya a Yamai, bayanan kuma su ratsa intanet a kulle, ta yadda wanda ya tare su a hanya ba zai iya karanta su ba.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai na kamfani, irin su AnyConnect na Cisco, FortiClient na Fortinet da GlobalProtect na Palo Alto. Ana biyan kuɗin lasisi, galibi tare da sayen na'urar kamfanin, kuma shi kaɗai ke ganin rubutun da aka gina manhajar da shi. Amfaninsu shi ne akwai wanda za a kira idan abu ya lalace.

Buɗaɗɗu kuwa kowa na iya ɗaukarsu kyauta, ya duba cikinsu, ya gyara. OpenVPN, wanda James Yonan ya fitar a 2001, shi ne tsohon hannu. WireGuard na Jason Donenfeld ya shiga cikin Linux a watan Maris na 2020, kuma rubutunsa bai wuce layi kusan 4.000 ba, abin da ya sa bincikensa ke da sauƙi. Yana kuma saurin komawa aiki idan rezo ya yanke ya dawo, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garuruwanmu. Sai dai da mabuɗan sirri kaɗai yake aiki; tantance ma'aikata ɗaya bayan ɗaya sai an haɗa shi da wata manhaja. Kuɗin da ba a biya na lasisi ba, ana biyan sa ga ƙwararren da zai kula da tsarin.

Ta fuskar tsaro, babu ɓangaren da bai taɓa jin kunya ba. A 2014 an gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, wanda OpenVPN ke dogaro da shi, bayan ta yi kusan shekara biyu a fili ba a lura ba. A farkon 2024 kuma hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnati su cire na'urorin Ivanti Connect Secure daga layi, saboda masu kutse na shiga ta cikinsu.

Sau da yawa ma laifin ba na manhajar ba ne. A watan Afrilu na 2021 masu kutse suka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun VPN da ba a rufe ba, wanda kalmar sirri ɗaya tak ke tsare shi, babu tantancewa ta biyu. Bututun ya tsaya kwanaki, kamfanin kuma ya biya fansar kimanin dala miliyan 4,4.