Kunne Ya Girmi Kaka: Abin Da Muka Saurara A Sabo

Duk wanda ya saba zama a rumfar mai shayi ko bakin shagon 'yan canji a nan Sabo bayan la'asar ya san wannan rigima. Yaro ya kunna waƙa a waya, babba ya ɗaure fuska ya ce a kashe masa hayaniya, wai yaran yanzu ba su san waƙa ba. To abin dariyar, ai mun san babban nan, tare muka taso. Shi ne wanda a shekarun 1980 yake sulalewa bayan isha'i ya tafi sinima kallon Indiya, ya dawo yana rera abin da bai san ma'anarsa ba, tsohonsa na jiransa a zaure da dorina. Yau ga shi da furfura, ba ya jin komai sai Shata da tafsiri. Ka tambaye shi ranar da ya canza, ba zai iya gaya maka ba.

Wannan juyi ya daɗe a unguwar nan, kusan sa'an unguwar ne. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun wannan wuri, bayan jirgin ƙasa ya iso garin a 1901 ya kuma kai Kano a 1911. Shanu na gangarowa, goro na haurawa, fatoma na saukar da baƙi, dillalai na cin la'ada. Yawancin waɗanda suka fara cika unguwar samari ne da gwauraye da suka baro gida neman kuɗi, kuma kowace sana'a ta zo da kiɗanta. Mahauta da kalangunsu, 'yan dambe da nasu makaɗan, maroƙa suna bin masu gida suna yi musu kirari a gaban baƙi. Da dare kuwa goge ne, a gidajen da dattijan kirki ba sa son a ga takalminsu a ƙofa. Kakanninmu da muka tarar da carbi da rawani, da yawansu sun yi ƙuruciyarsu a bakin gogen nan. Ba su cika faɗa ba ne kawai.

A farkon shekarun 1950 aka yi wani sauyi da ya taɓa unguwar gaba ɗaya, lokacin da mazan Sabo suka yi ta shiga ɗariƙar Tijjaniyya. Yamma ta zama ta wazifa, Juma'a ta zikiri, Maulidi kuma aka cika dare da Ishiriniya da Alburda da ƙasidun Shehu Ibrahim Inyass. Mutumin da jiya yake liƙi a wurin goge, yau shi ne ke jan baiti. Daga nan ne, a ganinmu, aka samu tsarin da har yau muke ɗauka kamar haka Allah Ya halicci kunne: yaro ya yi wasansa, saurayi ya yi shagalinsa, in girma ya zo a ajiye a kama bege. Bayan 1978 da Izala ta kafu, wasu gidaje suka bar bege ma suka koma kaset ɗin wa'azi da ƙira'a zalla. An yi ta saɓani kan wannan, amma duka ɓangarorin sun yarda da abu guda: akwai shekarun da ba a son ganin mutum yana gyaɗa kai ga kalangu.

Sai dai rediyo ta rikita lissafin. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, duk mai akwatin da ke kama gajeren zango sai ya zama kamar ya buɗe taga zuwa gida. A ja eriya, a karkata ta nan, a karkata ta can, tana shuu, har muryar ta fito. Ba mutum ɗaya ke ji ba, layi guda ne. Ta nan Mamman Shata ya shiga kowane zaure, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Musa Ɗanƙwairo, da Haruna Uji da gurminsa, da Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe. Ga abin da yaranmu ba su sani ba: Shatan da yau ake kira waƙar dattawa, a farkonsa waƙar samari ce. Ɗan Musawa ne mai tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali da kasuwanni inda samari da 'yan mata ke taruwa, kuma mahaifinsa bai so wannan hanya ba. Sai da masu saurarensa suka tsufa tare da shi, suka zama alhazai da masu motoci, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, sannan kalangunsa ya zama abin da dattijo zai kunna a gaban surukinsa ba kunya. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, kuma a ranar an ga manyan mutane a unguwar nan sun yi jugum kamar an yi musu rasuwa a gida.

Mu da muka yi samartaka bayan yaƙin basasa, namu kunnen ya fi na iyayenmu yawo. Kuɗin Udoji sun zagaya kasuwa a 1975, rikoda mai kaset ta yawaita, kowane saurayi burinsa ya saɓa tasa a kafaɗa. Sinimomin garin nan irin su Scala da Odeon da Rex suna nuna Indiya, muka haddace muryar Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar ba tare da mun san kalma goma ta yarensu ba. Wasu suka kama Bob Marley, wasu Michael Jackson. Shata kuwa? Wannan ai na su Baba ne. Muna jin sa dole, don yana tashi a shago da tasha da cikin motar goro, amma ba za ka same shi a kaset ɗin da muka saya da kuɗinmu ba.

Akwai kuma abin da ya bambanta ɗan Sabo da ɗan Kano ko Katsina, wanda 'yan'uwanmu na Arewa ba sa ganewa in mun je ganin gida. Mu da kunne biyu muka tashi. Da azumi yaranmu na tashe, amma masu tayar da mutane sahur na unguwannin Yarabawa, waɗanda suke kira ajisari, su ma kiɗansu na were yana shigo mana ta taga kafin asuba. Daga wannan kiɗan ne Sikiru Ayinde Barrister ya fitar da fuji, ya kuma rasu a 2010 bayan ya raya dubban bukukuwa. Kafin shi akwai Haruna Ishola mai apala da ya rasu a 1983, da Yusuf Olatunji mai sakara da ya rasu a 1978, wanda abin kiɗansa ma goje suke ce masa, wato gogenmu ne dai. Gangarsu ta dundun kuwa 'yar'uwar kalangu ce, a matse a hammata a sa ta magana. Don haka dattijon Sabo da ya kai sittin, in ya yi kewar ƙuruciya, wani lokaci ba Narambaɗa yake nema ba, Haruna Ishola yake nema, ya rage murya don kada a ce ya zama Bayarabe.

Na mata kuwa tafiyarsu daban ce, kuma ba a cika rubuta ta ba. Yarinya ta fara da gaɗa a tsakar gida da waƙoƙin talla da na Islamiyya. Ta yi aure ta shiga ɗaki, rediyo ta zama ƙawarta, tana jiran shirin zaɓe ko za ta ji an ambaci garinsu. Sai ta haihu biyu uku, ta zama uwargida, sannan take samun bakin shiga amada. Ranar suna ko biki a kife ƙwarya a ruwa, a rufe ƙofa, a yi habaicin kishiya da na miji marowaci, a yi kirarin mace mai sana'a. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana cikin waɗanda suka fitar da wannan kiɗa daga tsakar gida zuwa kaset, kuma budurwa ba ta jin daɗinta yadda matar da ta shekara goma a gidan miji take ji. Ba a gaya mata dalili, zaman ne ke koya mata. Daga baya ita ma ta tsufa, ta je Makka, ta koma gefe a wurin biki tana jan carbi, amma ku lura da ƙafarta in ƙwarya ta yi zaƙi.

To me ke jawo mutum ya dawo? Mun yi ta tattauna wannan a tsakaninmu. Wanda yake da shekara ashirin kiɗa yake ji, jikinsa ne ke saurare. Wanda ya kai arba'in da biyar magana yake ji. Ya ba da bashi an cinye, abokin ciniki ya juya masa baya, ya binne uba, ya aurar da 'ya. Sai wata rana a cikin mota waƙar Ɗan Maraya ta Karen Mota ta taso, wadda ya ji sau ɗari yana yaro yana dariya, ya ga ashe labarin wahalar da ya sha ne a tasha kafin ya samu tasa motar. Waƙar ba ta canza ba tun ranar da aka ɗauke ta.

Mu mazauna Kurmi muna da ƙarin dalili. Akwai waɗanda aka haifa a nan, aka haifi ubansu a nan, Arewa sau biyu ko uku suka taɓa zuwa. A ƙuruciya wannan bai dame su ba. Amma ranar da aka yi tashin hankali a kasuwa aka ce musu su koma garinsu, ko ranar da ɗansu ya tambaye su su 'yan ina ne, sai su ga suna neman wani abu da za su dafa. Makaɗan nan kuwa ba sa waƙa sai sun jero garuruwa da sarakuna da zuriya, wane ɗan wane na gari kaza. Mutum ya ji sunan ƙauyen kakansa a bakin mawaƙi, sai ya ji kamar an ba shi takardar shaida.

Kada dai mu cika baki, ba kowa ke bin wannan layi ba. Akwai tela a unguwar nan da ya haura saba'in, har gobe Rafi ne ke tashi a shagonsa daga safe zuwa azahar, kuma yanzu Indiyar da aka yi mana dukan tsiya a kanta ita ma ta zama waƙar tsofaffi. Waɗanda suka yi tashen Sangaya a wajen 2000, lokacin da fiyano ta kori kalangu daga finafinan Hausa, yau su ne iyayen yara, kuma mun ji su da kunnenmu suna cewa waƙoƙin da sun fi ma'ana. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun kusa shiga sahun "na da". Jarumar Hamisu Breaker da ta cika wayoyi a 2020 lokacin kullen korona, ku ba ta shekara ashirin, za ku ga masu furfura suna share hawaye a kanta.

Abin da ya fi damunmu wani ne. Mu mun dawo ga Shata ne don mun ji shi tun ba ma so. Rediyo ɗaya ce a gida, lasifika ɗaya a tasha, ko ka ƙi ko ka so kalmomin sun zauna a kanka suna jiran ranarsu. Yanzu kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunnensa. Uba na jin Ɗanƙwairo, ɗa na gefensa yana jin Asake ko Olamide, babu wanda ke jin na wani. Ga kuma Hausar yaran da ke ƙara sirancewa, a yi musu magana da ita su amsa da Yarabanci ko buroka. Yaron da bai taɓa jin waƙoƙin nan ko da bisa kuskure ba, in ya kai arba'in da biyar ya juyo, me zai tarar? Wasu na cewa wayar ce ma za ta cece su, tunda yanzu ana samun Narambaɗa da Jankiɗi a intanet, har samari na ɗora su a WhatsApp. Gaskiya ne, mun gani. Amma sai ka san sunan abu kake nemansa.

Kuma ba komai ke intanet ba. Manyan mawaƙa an adana su, ƙananan fa? Makaɗan unguwar nan da suka yi wa mahauta da direbobi da sarakunanmu waƙa, zabiyoyin da suka raya bukukuwan iyayenmu mata, ba su taɓa shiga gidan rediyo ba. Abin da ya rage nasu yana cikin kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa a wurin biki. Kwanan baya da aka raba gadon wani dattijo a layinmu, an fito da kwali guda cike da irin waɗannan daga ƙarƙashin gado, wasu da rubutun ajami a jiki, wasu damina ta riga ta manne zarensu. Magada suka ce a zubar. Wani daga cikinmu ya roƙa aka bar masa, muka zagaye gidaje biyar kafin mu samu rikoda, ita ma robarta ta tsinke. Tana wurin mai gyara a Mokola, ya ce mu dawo bayan sati biyu.