Burodin Manoman Sisili a Titin Decatur

A lamba 923 ta titin Decatur, cikin tsohuwar unguwar French Quarter ta birnin New Orleans a kudancin Amurka, akwai wani kanti da ake kira Central Grocery. An buɗe shi a shekarar 1906, kuma har yau yana hannun zuriyar mutumin da ya kafa shi. Abin da ya fito da sunansa shi ne wani sanwici mai suna muffuletta: burodi ne zagayayye mai faɗin faranti, an barbaɗe shi da riɗi, a tsaga shi biyu a jera nama da cuku a ciki, sannan a zuba haɗin zaitun. Mu da muka saba ganin irin wannan abinci a finafinai mukan ɗauka duk ɗaya ne. Wannan kuwa yana da nasa labarin, kuma labarin na 'yan ci-rani ne.

Sai mun fara daga tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya. A ƙarshen ƙarni na 19 talauci ya yi wa manoman tsibirin katutu, ƙasar noma tana hannun masu hali, haraji kuma ya yi yawa. A ɗaya gefen teku, masu gonakin rake na jihar Luwiziyana suna neman ma'aikata masu arha tun bayan da aka haramta bauta a 1865. Dama akwai jiragen ruwa da ke jigilar lemon tsami daga Palermo zuwa New Orleans, sai hanyar lemo ta zama hanyar mutane. Daga wajen 1880 suka riƙa zuwa dubbai. Wasu sun yi saran rake na 'yan shekaru suka tara abin da suka tara, suka sayi ɗan fili a bayan gari suna noman kayan lambu. Wasu suka tsaya a tashar jiragen ruwa suna dako, ko tallar 'ya'yan itace. Ƙasan French Quarter ya cika da su har aka riƙa kiran wurin Ƙaramar Palermo.

Ba a karɓe su hannu biyu ba. A watan Oktoba na 1890 aka harbe shugaban 'yan sandan birnin, David Hennessy, aka ɗora laifin a kan 'yan Italiya. Da kotu ta kasa samun kowa da laifi, ranar 14 ga Maris 1891 dubban mutane suka fasa gidan yari suka kashe 'yan Italiya 11. Italiya ta janye jakadanta, daga baya gwamnatin Amurka ta biya diyyar dala 25,000. Hukumar birnin kuwa ba ta nemi afuwa ba sai a 2019, ta bakin magajiyar gari LaToya Cantrell. Shekara 15 kacal bayan wannan kisan gilla, a cikin garin da abin ya faru, Salvatore Lupo, shi ma ɗan Sisili, ya kafa kantinsa.

Kantin kayan masarufi ne tun asali, ba gidan abinci ba. Man zaitun, taliya, busasshen kifi, cuku, kayan ƙamshi, duk abin da ɗan Sisili ke kewa daga gida. Ga shi kuma dab da French Market, kasuwar da manoman nan ke kawo kayan lambunsu tun da asuba. 'Yar Lupo, Marie Lupo Tusa, ta ba da labarin yadda abin ya faro a littafinta na girke-girke, Marie's Melting Pot. Da rana ta take, manoman sukan shigo su sayi ɗan nama, ɗan cuku, ɗan haɗin zaitun da burodi, kowanne daban, kamar yadda ake ci a can gida. Sai su zauna a kan akwatuna da ganguna, suna fama da tarkacen abinci a kan gwiwoyinsu. Mahaifinta ya ga wahalar ta yi yawa, ya ce a tsaga burodin a zuba komai a ciki. Dogon burodi mai kitso ya yi tauri a baki, sai aka tsaya a kan zagayayyen mai laushi, wanda a Sisili ake kira muffuletta. Sunan burodi ya zama sunan abincin gaba ɗaya.

Labarin iyali ne, kuma kowane iyali nasa yake yabo. A da, kusa da su a titin akwai Progress Grocery na iyalin Perrone, su ma sun yi shekaru suna sayar da irin wannan haɗi. Mu dai a ganinmu ba wanda ya fara yanka burodin ne abin lura ba, manomin da ba shi da teburi ne. Haka ma ɗaya sanwicin da birnin ke alfahari da shi, po'boy, ana danganta shi da yajin aikin ma'aikatan taragon cikin gari na 1929, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Bennie da Clovis Martin, suka riƙa ciyar da masu yajin kyauta. Duka biyun abincin ma'aikaci ne mai ci a tsaye.

Mai karatu Musulmi da ya je can ya sani cewa naman da ke ciki, salami da mortadella da sauransu, na alade ne. Amma ruhin muffuletta yana cikin haɗin zaitun. Ana yayyanka zaitun kore da baƙi, a haɗa da seleri, karas, farin kabeji da tafarnuwa, a jiƙa su cikin man zaitun su kwana su tsumu. Idan aka zuba a burodi aka naɗe da takarda, man yakan ratsa cikin burodin a hankali, shi ya sa masana abin ke cewa ya fi daɗi bayan ya ɗan huta. Central Grocery a sanyi suke ba da shi. Napoleon House, wani tsohon gidan abinci a unguwar, ɗumama shi suke yi har cukun ya narke, kuma mutanen birnin sun daɗe suna musu a kan wanne ne daidai. Guda ɗaya ana yanka shi huɗu, yakan ishi mutum biyu har su rage.

Shi kansa riɗin da ke saman burodin yana da doguwar tafiya a bayansa. Musulmi sun mulki Sisili sama da shekara 200, sun kama Palermo a 831, suka riƙe ta har Normawa suka ƙwace a 1072. A zamaninsu ne noman lemo da rake ya bunƙasa a tsibirin, kuma kalmar da 'yan Sisili ke kiran riɗi da ita, giuggiulena, daga Larabci ta fito. Wato lemon da ya buɗe hanyar teku zuwa New Orleans gadon wancan zamani ne.

Lupo ya riƙe kantin shekara 40. A 1946 ya yi ritaya, surukinsa Frank Tusa ya karɓa, daga nan ya koma hannun jikoki. A tsawon wannan lokaci unguwar ta sauya. 'Ya'yan 'yan ci-rani sun yi karatu, sun yi kuɗi, sun koma sababbin unguwanni a bayan gari. Kasuwar manoma ta koma kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Dogon layin da ake gani a ƙofar kantin yanzu yawancinsa baƙi ne masu riƙe da waya, ba masu kayan gwari ba. Abin da ya saura na Ƙaramar Palermo sai irin wannan kanti, da kuma bikin 19 ga Maris, ranar Waliyyi Yusuf, da iyalan Sisili ke jera burodi da kayan zaƙi a teburi su raba wa jama'a.

Kantin ya tsallake guguwar Katrina ta 2005, wadda ta nutsar da mafi yawan birnin amma ruwan bai cinye French Quarter ba saboda tana kan tudu. Guguwar Ida ta 29 ga Agusta 2021 ce ta yi masa illa: bangon ginin maƙwabta ya rufto a kan rufinsa. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan, don kantunan iyali da dama a irin wannan gaɓa suke sayar da fili su tafi. Iyalin Tusa suka ci gaba da haɗa muffuletta a wani wuri, ana sayarwa a shagon maƙwabci, ana kuma aika wa masu oda ta intanet zuwa wasu jihohi. Gyaran ya ci sama da shekara 3. A watan Disamba na 2024 aka sake buɗe ƙofar lamba 923, kuma tun ranar farko layi ya miƙe har kan titi.