Takardar Sigari da Baƙin Akwati: Yadda Wutar Babur ta Sauya a Hannunmu

Kayan aiki na farko da masta ya miƙa mini takardar cikin kwalin sigari ce. A wata rumfar kwano muke a unguwar Kokomlemle a ƙasar Gana, kan gangaren da ke kai mutum Circle, a tsakiyar shekarun 1980. Kawuna ya kawo ni daga Nima da goro da ɗan kuɗin koyo, ya ce wa masta, "Ga shi nan, ɗanka ne, in ya yi ƙiriniya ka hora shi." Ina jiran a ba ni sufana, sai aka ba ni takarda.

Baburan lokacin da kwantak suke tashi: wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu, kuma a daidai rabuwar ne wuta ke tsalle a bakin fulogi. Sai ka saka takardar tsakaninsu, ka riƙa juya maganadisu da hannu sannu a hankali, kana jan takardar kaɗan-kaɗan. A jikin maganadisun akwai alamar F. In takarda ta zare daidai lokacin da F ta zo kan tsagar murfi, wuta ta zauna. In ta riga, kik zai mayar maka da ƙafa har ka kwana kana ɗingishi. In ta makara, babur ya yi nauyi, ya yi ta zafi a banza. Tazarar bakin kwantak kuwa tsakanin milimita 0.3 da 0.4 ce, amma masta bai taɓa faɗin lamba ba. Kwalin ashana yake yankowa ya zura.

Shi kansa a Agege ta Legas ya ƙware. Yana cikin ɗimbin 'yan Gana da gwamnatin Shagari ta koro a farkon 1983, ya dawo da jakar ƙarafa da ido mai gane ciwon babur tun daga nesa. Ƙasar da ya tarar ba ta gama farfaɗowa daga zamanin kalabule ba, lokacin da ko sabulu sai da layi, balle kwandansa. Don haka ba a yar da komai. Kwantak in ya ci, a goge shi da 'yar zarto. Kwayil in ya ƙone, a warware shi ana ƙirga zagaye da baki, a samo wayar tagulla daga mataccen fanka ko tsohuwar rediyo, a sake naɗewa, a shafe da gam a shanya a rana. Na taɓa ɓata lissafi wajen zagaye ɗari uku da wani abu saboda an kira sallar la'asar, masta ya sa na warware duka na faro daga ɗaya.

Sarkin hanya a wancan zamani Honda CG125 ne, wanda Japanawa suka fito da shi a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai ba. Akwai 'yan Honda C70, da Yamaha da Suzuki masu hayaƙi, da Vespa ta alhazai. Yawancinsu bolt 6 ne, fitilarsu kamar aci-bal-bal. Batir ado ne kawai na hon da sigina. Ko babu shi, ka taka kik babur ya tashi.

Sai ga CDI. Da farko a jikin tsofaffin baburan da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema muka riƙa ganinsa: ɗan baƙin akwati kamar kwalin ashana, da wayoyi biyar. Babu abin gogewa, babu abin saitawa. Masta ya sa zarto ya tsaga wani da ya mutu don ya ga cikinsa, ya tarar an cike shi da baƙin ƙaro mai tauri. Ya jefar ya ce, "Yaro, waɗannan mutanen sun rufe mana ƙofa."

Gaskiyar magana, akwatin ya fi kwantak. Wani kwayil a cikin maganadisu ne ke haifar da wuta, akwatin ya tara ta a kwandansarsa, ɗan ƙaramin kwayil da muke kira fikof ya ba shi ishara, sai ya saki wutar gaba ɗaya zuwa kwayil ɗin fulogi, wanda ke ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ba ya cinyewa, ba ya gocewa. Amma ranar da ya mutu ba ya sallama. Kuma tun da ba a ganin cikinsa, shi ya zama abin ɗora wa laifi: kowace irin mutuwa babur ya yi, sai a ce akwati ne.

Abin da ya cika lungunan Nima da Maamobi da New Town da babura ya zo ne bayan shekarar 2000, da kayan ƙasar Sin suka fara kwararowa, wasu ta Tema, da yawa ta Lome su ƙetaro Aflao. Royal, Haojue, Apsonic, Sanya, daga baya Boxer da TVS na Indiya, ga aboboyaa mai ƙafa uku tana kwasar shara da kayan kasuwa. Abin dariyar shi ne, in ka buɗe injin da yawa daga cikin na Sin, tsohon CG125 ɗin nan ne ya sake riga. Har launin wayoyin Honda suka gada: kore na ƙasa, baƙi da ja daga kwayil ɗin maganadisu, baƙi da rawaya zuwa kwayil ɗin fulogi, baƙi da fari na kashewa. Yaron da ya haddace waɗannan ya yi rabin karatu. Samari suka faɗa okada. A 2012 dokar hanya ta L.I. 2180 ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma mu a rumfa ba mu ga aiki ya ragu ba. Abin da muka gani shi ne ɗan okada ba ya iya barin babur ya kwana a wajen gyara, don haka naɗin kwayil ya mutu. A aiki yaro shago ya sayo sabo a ɗaura, shi ke nan.

A nan ne na sha kunyar da har yau nake tunawa. Akwati iri biyu ne. Akwai mai shan wuta kai tsaye daga maganadisu, wato AC, akwai mai sha daga batir ya ɗaga ta da kansa, wato DC. Wani lokaci soket ɗinsu iri ɗaya ne sak. Wani dattijo mai sayar da goro ya turo babur ɗinsa, ba wuta. Na ce akwati ne, na sayo sabo na DC ban duba ba, alhali babur ɗin na AC ne. Taka kik biyu, wutar maganadisu ta soya shi. Na koma na ce wa mai shago jabu ya ba ni, muka yi ta cacar baki. Da na nutsu na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ashe baƙi da farin nan ce ta goge a wuyan babur tana taɓa ƙarfe, tana kashe wutar. Tsohon akwatin lafiyarsa ƙalau. Dattijon ya ce, "Ɗana, da ka tambayi babur ɗin ai da ya gaya maka." Daga aljihuna na biya, kuma a makon na sayi mita ta farko.

Da mita a hannu na gane cewa rabin abin da muke ɗora wa akwati laifin caji ne. Batirin baburan zamani in yana da lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe. In an tayar an ɗan murɗa totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, ko kwayil ɗin caji ya ƙone ko rektifaya ta mutu. In ya haye 15, rektifaya ta daina zubar da rarar wuta: ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa, batir ya kumbura ya yi wari, a ƙarshe akwatin DC ya bi su. Rektifaya zafi take mayar da rarar, shi ya sa aka yi mata haƙarƙari aka kafa ta a jikin ƙarfe inda iska ke bugawa. Amma sai ka ga an naɗe ta da leda an cusa ƙarƙashin kujera, wai don ruwa. Masu araha na kasuwa kuwa, ɗauki biyu a tafin hannu ka ji: wadda ba ta da nauyi, ba ta kai damina.

Sannan ga kwalliya. Gab da Sallah, lokacin da samari ke shirin wasan babur a babban titin Nima, rumfa cika take da masu son fitilun LED, da hon na babbar mota, da cajar waya, da ƙararrawar ɓarayi. Duk a kan kwayil ɗin da aka yi don ƙwai ɗaya da sigina. Ƙararrawar nan tana tsotsar batir ko babur na barci. Akwai kuma akwatin da ake kira na tsere, mai launin shuɗi ko ja. Mafi yawansu wuta kawai suke gaggautawa, injin ya yi ƙara, mai shi ya ji daɗi, fistin ya sha wahala. Ina ɗaurawa in an matsa, amma sai na faɗi gaskiya tukuna.

Damina kuwa nata daban. In kogin Odaw ya cika ya malale Circle, washegari a jere ake turo babura, maganadisu cike da laka, soket sun yi kore. Mafi wuyar kamawa shi ne kwayil mai ciwon zafi: babur ya yi minti ashirin ya mutu, ya huce ya tashi, ka auna shi da sanyi ka ga komai daidai.

Kwanan baya wani tsoho daga Maamobi ya turo CG125 na asali, mai kwantak, ya ce tun rasuwar wansa yake jingine a zaure. Yarana uku suka kewaye shi da mita suna neman akwati. Na ce wa ƙaramin ya je ya samo mini takardar cikin kwalin sigari. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Masta, ka fara sha ne?"