Daga Littafin Rajista zuwa Kwamfuta: Tarihin Adana Bayanan Sakandare a Sudan

1.0 Gabatarwa

Makaranta ba ta san ɗalibi ba sai da rubutu. Sunansa da shekarar haihuwarsa da makinsa su ne shaidar da za ta bi shi har ƙofar jami'a. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda adana waɗannan bayanai ya sauya a makarantun sakandaren Sudan, tare da duba abin da sauyin ya haifar wa mazauna unguwanni irin Dar Salam ta yammacin Umdurman. Batun ya shafi ɗalibin Hausa, domin Sudan gida ce ga ɗimbin Hausawa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno.

2.0 Zamanin Littafi

Ilimin sakandare na boko a Sudan ya samo tushe daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a Hartum a 1902. A 1946 aka mayar da sashen sakandarenta Wadi Sayyidna, arewa da Umdurman, aka kuma buɗe makarantar Hantub daura da Wad Madani. Makarantun 'yan kaɗan ne a lokacin, don haka littafin rajista da takardar maki da wasiƙar sauya makaranta sun wadatar. Shugaban makaranta ya san ɗalibansa da iyayensu.

Yawaitar makarantu bayan samun 'yancin kai a 1956 ita ta fara nuna gazawar takarda. Ga kuma sauye-sauyen matakan karatu. Tsarin shekaru 4-4-4 ya koma 6-3-3 a 1970, zamanin Ja'afar Numairi. A farkon shekarun 1990 aka haɗe firamare da midil suka zama matakin tushe na shekara 8, sai sakandare shekara 3. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta yanke shawarar dawo da midil. Kowane sauyi ya tilasta sake fasalin rajista, ya kuma wahalar da kwatanta alƙaluman wani zamani da na wani.

3.0 Shigowar Kwamfuta

Bayan kafa tsarin jihohi, kula da sakandare ya koma hannun ma'aikatun ilimi na jihohi, jarrabawar Shahadar Sudan kuwa ta ci gaba da zama a hannun tarayya. Shugaban makaranta zai cike fam, fam ya tafi jiha, jiha ta tattara ta aika Hartum. Kafin alƙaluma su fito, shekarar karatu ta wuce.

Don magance haka ne a ƙarshen shekarun 2000 aka soma gina tsarin sarrafa bayanan ilimi a kwamfuta, da tallafin Tarayyar Turai da UNICEF. Manufarsa ita ce ƙidayar makarantu duk shekara, yadda ma'aikata za ta san inda malaman lissafi suka yi cunkoso da inda babu ko ɗaya, da ajin da 'yan mata suka fi barin karatu. Daga baya duba sakamakon Shahada da lambar zama, da neman gurbin jami'a, duk suka koma intanet.

Sai dai kwamfuta ba ta ƙirƙirar gaskiya. Abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Idan magatakardan makaranta ya kuskure harafi a sunan ɗalibi, kuskuren da a da yake kwance cikin littafi ɗaya yanzu zai bazu zuwa kowane ofishi.

4.0 Dar Salam da Matsalar Shaida

Dar Salam ta bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da hukuma ta riƙa tsugunar da waɗanda fari da yaƙi suka koro daga Kurdufan da Darfur da Kudu. Wanda ya gudo da rai ba kasafai yake riƙe da takardar haihuwa ba. Da dokar rajistar jama'a ta 2011 ta kawo lambar ɗan ƙasa, aka kuma ɗaura rajistar jarrabawa a kanta, sai shaidar asali ta zama mabuɗin karatu, kamar yadda hukumar JAMB ta Nijeriya ta wajabta lambar NIN daga 2021.

A nan tsohon miki ya fama. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, sharaɗin da ya bar Hausawan da suka iso bayan Burmi a waje. An sassauta shi daga baya, amma tambayar asali ba ta gushe ba. Haka kuma ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta raba 'yan asalin Kudu da shaidar zama 'yan Sudan, har da waɗanda aka haifa a Umdurman.

5.0 Gwajin Yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya rufe makarantu, wasunsu suka zama mafakar 'yan gudun hijira. A Oktoba na shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Ɗaliban da ya kamata su zauna Shahada a 2023 ba su samu zama ba sai 28 ga Disamba 2024, a jihohin da ke hannun soja da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje irin su Masar. Ɗalibin da ya baro Umdurman babu littafin makarantarsa, sai ya tabbatar da ko shi wane ne a garin da babu wanda ya san shi.

6.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tsarin bayanai na da fuska biyu. Yana ba hukuma ido ta ga makarantun da ke nesa, yana kuma tsare haƙƙin ɗalibi idan gini ya rushe, muddin an ajiye kwafi a wani wuri. Amma wanda bai shiga rajista ba, tsarin ba ya ganin sa, kuma kason malamai da littattafai ba zai lissafa da shi ba. Saboda haka aikin farko yana nan inda yake tun 1902: a rubuta sunan kowane yaro, a rubuta shi daidai, a kuma adana shi a wuri fiye da ɗaya.